Jan injin yankan ciyawa da ƙaramar tarakta a jiƙaƙƙen fili: yanda ake yi ba a kafe ba

Daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Oktoba duk mai fili a gefen fadama, ko gidan gona, ko lambun mangwaro, kai ko filin ƙwallon makaranta ne, ya san halin ciyawa. Ka ɗauke ido sati biyu ka dawo ka tarar ta kai ƙugu, gamba kuwa in ta samu wuri sai ta haura mita 2 ta shanye mutum yana tsaye. A irin wannan lokacin ne masu ƙananan taraktocin nan na lambu, irinsu John Deere da Husqvarna da Cub Cadet, suke ɗaura silasha, wato injin yankan ciyawar da ake ja, a baya su afka ciki da ƙarfin gwiwa, ba a jima ba sai kaji inji ya shaƙe, ko bel ya fara ƙauri, ko taya tana ta juyawa wuri ɗaya tana feshin taɓo. Sai a ce ai taraktar ce ba ta da ƙarfi. Ni dai a ganina ba kasafai ƙarfi ke zama matsalar ba. Santsi ne da toshewa da zafi suke kayar da inji a jiƙaƙƙiyar ciyawa, kuma rabin maganinsu tun kafin a murza makulli ake yinsa, sauran rabin haƙuri ne a kan kujera.

Toh fara da sanin abun da kake hawa. Waɗannan ƙananan taraktocin don kasuwar Amurka da Turai aka fi ƙera su, kuma yawancinsu don filin gida ne da ake askewa duk sati, ba don fadamar da ta yi damina guda ba a taɓa ta ba. Injinsu na fetur yana kaiwa ƙarfin doki 15 zuwa 25, wannan ya isa, raunin yana can ƙasa a giyar baya, wato akwatin giyar da ke juya tayoyin baya. Da yawansu giyar mai gare su, wato babu canjin giya da hannu, feda kawai kake takawa ta gaba ko ta baya, mai ne ke zagayawa a ciki yana juya tayoyi. Ƙaramar irin Tuff Torq K46 da ke cikin masu araha da yawa don aikin filin gida aka yi ta, in ka sa ta jan kaya mai nauyi cikin laka awa da awanni man cikinta zai ɗau zafi ya tsinke, zakaji da safe tana ja lafiya lau, zuwa azahar kana taka feda tana kuka amma ba ta gaba. Hanya mai sauƙi ta gane wacce kake da ita, leƙa tayar baya. In an ɗaure ta da noti 4 ko 5 irin na mota, alama ce ta mai ƙwarin ce da aka yi don ja. In kuwa zura ta kawai aka yi a aksul aka maƙale da ɗan kilif a tsakiya, to ƙaramar ce, ka lallaɓa ta. Sannan akwai ƙa'idar da masu ƙerawa suke rubutawa a littafin: nauyin abun da kake ja kada ya wuce nauyin taraktar haɗe da kai direba da duk wani nauyi da ka ƙara mata. Silasha mai injin kanta mai faɗin inci 44 tana iya kai kilo 200 har sama, don haka ka lissafa tukuna.

Ita ma silashar ba iri ɗaya ba ce, a nan mutane suka fi yin asarar kuɗi. Akwai ta askin filin gida, wuƙaƙenta sirara ne a ɗaure kam, kaskon da ya rufe su kuma ba zurfi, wannan ko kyauta aka ba ka kada ka shiga gamba da ita. Wadda kake nema ita ce ta sharar daji, irin da kamfanonin Swisher da DR suke yi, wuƙaƙenta biyu ne masu kauri da suke lilo a kan fin, in sun daki kututture ko dutse sai su lanƙwashe baya su dawo maimakon su karya shaf, kaskonta mai zurfi ne kuma bayansa a buɗe yake don yankakkiyar ciyawa ta samu hanyar fita. Tana da injin kanta a sama, kaga taraktar ja kawai take yi. In kuma taka ƙaramar dizal ce irin Kubota mai shaf ɗin PTO a baya, wato sandar ƙarfen da injin tarakta ke juyawa don ba kayan aiki ƙarfi, silashar daga injin taraktar take shan ƙarfi, masu aikin sukan yi lissafin ƙarfin doki 5 ga kowace ƙafa ɗaya ta faɗin silasha, wato mai ƙafa 4 tana son doki 20 a shaf, a jiƙaƙƙiyar ciyawa ma gara ya ɗara haka. Akwai kuma mai haƙora da ke yanka irin na almakashi, doguwar sanda ce a kwance, ita ba ta niƙe ciyawa, daga gindi take yanke ta ta kwantar, in don abincin dabbobi kake yankan ita ce ta fi dacewa, zan dawo kan wannan.

Yanzu aikin da kowa ke ƙyuyarsa, taka filin da ƙafa. Sa rambut, riƙe doguwar sanda, ka ɗebi tsumma ko farar leda da 'yan sanduna na sa alama. Kana tafiya kana buga sandar a gabanka, don doguwar ciyawar damina gidan maciji ce, kasa musamman ba ta gudu, kwanciyarta take yi sai an taka ta, kububuwa ma haka take da saurin sara. Abubuwan da kake nema: shurin gara da ciyawa ta rufe, kututturen kalgo ko sabara da aka sare bara, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, tsohuwar kunya, bulon kan iyaka, turken da aka ɗaure dabba, da waya. Waya ita ce babbar muguwa, wayar shinge ko igiyar nailan in ta naɗe a shaf sai ta cinye sil, wato robar da ke rufe bakin boris, ta shiga boris ɗin, aikin yini guda ya tashi. Duk inda ka ga ɗaya daga cikinsu kafa sanda ka ɗaura leda a samanta yanda zata fi ciyawar tsawo, don daga kan kujera baka ganin ƙasa ko kaɗan.

Sai gwajin ƙasar kanta, kuma wannan shi ne zai faɗa maka ko yau ranar aiki ce ko a'a. Ciyawa ta jiƙe daban, ƙasa ta jiƙe daban. In ganyen ne kawai ya jiƙe da raɓa ko yayyafin dare amma ƙasan da tauri, ana iya aiki. Doka dundunniyarka da ƙarfi ka ɗaga ka duba. In sawun ya lotsa kaɗan kuma ya tsaya a bushe, bismillah. In ka ga ruwa yana tsattsafowa yana cika sawun, ko rambut ɗin ya ce caɓ ya riƙe ka, malam koma gida ka ba shi kwana biyu ko uku na rana. Ka kuma damƙi ƙasa daga zurfin yatsa ka dunƙule, in ta dunƙulu tana sheƙi tana manne a tafin hannu, laka ce ta sha ruwa ta ƙoshi. Ƙasar jigawa mai yashi kan tsane a yini ɗaya, baƙar lakar fadama kuwa sai ta yi maka ɓawon bushewa a sama alhali ƙasanta kunu ne, ita ce ke yaudarar mutane. Tsiron wajen ma yana ba da labari, inda ka ga gamba da kyasuwa sun ƙare sai jiji da duman kada da burugu suka karɓa, ka san nan ruwa ke kwanciya, ka ja layin alama a nan kada ka tsallake shi. Kachala kuwa, irin wadda ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Hadeja zuwa Nguru, a cikin ruwa take tsaye, wannan ba aikin taraktar lambu bane sam.

Lokacin fita ma da dabara. Sanyin asuba yana da daɗin aiki, amma a lokacin raɓa ta yi wa ciyawa jagab. Bari hantsi ya dubi ludayi, ka shafa ganyen ka ji hannunka bai jiƙe ba, daga nan zuwa la'asar shi ne lokacinka. Ko babu raɓa ɗanyar ciyawa wajen kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne, kaga ba sai ka ƙara wa injin wani ruwan ba.

Shirya taraktar

In taraktar tana da nata kaskon yanka a ƙarƙashin ciki, cire shi gaba ɗaya in zaka iya, 'yan fin ne da bel ɗaya. In bazaka cire ba ɗaga shi iya ɗagawa ka tabbatar a kashe yake. Shi ne abu na farko da ke zama a kan tudu ko kunya ya ɗage tayoyin baya su rasa abun kamawa, kuma yana tara ciyawa a ƙarƙashi har ta taɓa bel ɗin tafiya.

Tayoyin da suke zuwa da su masu ƙananan zane ne don kada su ɓata filin gida, a kan jiƙaƙƙen ganye taɓo ke cike zanen nan take su koma sumul. In zaka samu masu manyan haƙora irin na babbar tan-tan a saiz ɗinka, su ne maganin, ka lura da kibiyar da ke jikin tayar wajen ɗaurawa don in aka juya ta baibai bata zubar da taɓo. In babu, sarƙar taya tana taimakawa. Iska kuma, mai faci in ka ƙyale shi zai ɗura maka irin ta mota ne, alhali waɗannan tayoyin yawanci awo 10 ne a baya 14 a gaba, duba littafinka ko jikin tayar. Iska ta yi yawa tayar ta ƙanƙance a ƙasa, ga santsi ga nutsewa. Maganar ƙara nauyi a baya kuma sai an yi hankali, ana ɗura ruwa a tayar baya har kashi 75 cikin 100, mu nan da ba ƙanƙara ruwan famfo ma ya wadatar in da tub a ciki, ko a ɗaura nauyin ƙarfe a wili. Amma nauyi yana amfani ne in ƙasa da tauri samanta ne ke santsi. In ƙasar ce ta yi laushi, ƙarin nauyi ƙarin nutsewa ne kawai.

Wajen haɗawa, silasha a ƙarfen ja na asali ake ɗaura ta, wanda ke ƙasa da aksul, da fin mai kauri da kilif ɗinsa. Ba bolti da ka tsinta ba, ba waya ba, kuma kada ka taɓa ɗaure kaya a saman aksul ko a bayan kujera. Tarakta in kayan da take ja ya cije kuma an ɗaure shi sama, gabanta ne ke tashi ta kifa ta baya kan direba, ƙasa da daƙiƙa 2 an gama, ba wanda ke da saurin dira. Yawancin silashoshin da ake ja ana iya karkatar da sandar jansu gefe, yi amfani da wannan sosai, domin sai taraktar ta riƙa bin inda aka riga aka yanke ita kuma silashar tana cin tsayayyar ciyawa a gefe. In tana bayanka kai tsaye, tayoyinka huɗu sun riga sun kwantar da ciyawar cikin taɓo kafin wuƙa ta iso, ta wuce ta samanta, washegari ta miƙe ka ga layi biyu biyu a filin.

Ɗaga kaskon silashar zuwa mafi tsayin da yake kaiwa, a yawancinsu wajen inci 6 ko 7 ne, kuma gaban ya ɗan fi baya sunkuyawa da kaurin yatsa ɗaya ko biyu, ta haka wuƙa sau ɗaya take yankan ciyawa a gaba ta wuce, in baya ne ya fi ƙasa sai ta riƙa sake niƙa abun da ta riga ta yanka, ƙarfi ya tafi a banza. Duba baƙin mai a injinan biyu, giris a duk kan nono, wato 'yan bakunan da ake ɗura giris ta cikinsu, in mai giyabos ce duba man giyar, lamba 90 ake sawa a yawancinsu. Wuƙa a wasa ta amma ba irin wasan aska ba, a bar mata ɗan kauri a baki don kada dutse ya ɓantare ta, kuma a ci ƙarfe daidai a duka biyun, in ɗaya ta fi nauyi rawar da injin zai riƙa yi ita ke kashe boris. Wuƙar da ta tsage ko ta lanƙwashe a jefar, a canza biyun tare. Na san mai walda zai ce maka kawo in ɗinke, dan Allah kada ka yarda, bakin wuƙar nan gudunsa ya haura kilomita 200 a awa, in waldar ta saki guntun ƙarfen ba ya tambayar wanda ke tsaye. Haka boltin kariya da ke kan shaf ɗin PTO, da gangan aka yi shi da laushi don ya karye ya ceci giyabos, in ya karye ka sa irinsa, masu cusa guntun rodi garin neman gira suke rasa ido.

Kayan jikinka kuma, babu babbar riga, babu jallabiya, babu rawani mai jela. Shaf ɗin PTO yana juyi 540 a minti, sau 9 kenan a daƙiƙa ɗaya, in ya kama gefen riga ba ya saki. Wando da riga masu kama jiki, takalmi rufaffe, gilashin ido, da abun toshe kunne tunda inji biyu ne ke ruri a kusa da kai. Yara kuwa ka san halinsu da jin ƙarar tarakta, sai sun biyo, a kore su nesa, mita 100 ba ta yi yawa ba, kuma ba a goyon kowa a kai ko da ɗanka ne yana kuka.

Cikin ciyawar

Ta da injin silashar a fili inda ba ciyawa, sa wuƙa, bar ta ta kai cikakken gudu kafin ka shiga. Abun da zaka riƙe a nan shi ne wuƙa da gudu, tarakta a hankali. Totur ɗin silasha a ƙarshe yake zama. Na taraktar ma in mai giyar mai ce kada ka rage shi don kana son tafiya a hankali, da feda ake rage gudu, saboda fankar da ke sanyaya giyar da injin take juyawa, ka rage totur ka rage mata iska a daidai lokacin da ta fi buƙata. In mai giyar hannu ce sa lamba ɗaya ko biyu ka ɗauke ƙafa daga kan kuloci. Gudun da ya dace shi ne na mutum mai tafiya a ƙasa ba ya sauri, kilomita 3 a awa ko ƙasa.

Layin farko shi ne mai wahala don dole ka ci cikakken faɗi, yi shi ta wajen tudu inda ya fi bushewa, da rarrafe. Daga nan kuma rabin faɗin kasko kawai zaka riƙa ci, rabi a tsayayyar ciyawa rabi a inda aka yanke. Zakaga kamar ɓata lokaci ne, amma lissafa: mai faɗin mita 1.1 a gudun kilomita 3, in ana cin cikakken faɗi a busasshen fili, da juye juye da komai wajen rubu'in hekta ake yi a awa. Da rabin faɗi ka raba wannan biyu. Wato hekta ɗaya ta doguwar jiƙaƙƙiyar ciyawa aikin yini ne cur, wanda ya ce maka zai gama kafin azahar ko dai bai ga filin ba ko kuma bel ɗinka zai ƙone. Ka shirya man injina biyu da wannan lissafin.

Kunnenka shi ne geji. Muddin ƙarar injin silashar na tsaye a sama, ci gaba. Da kaji ta fara dusashewa tana nishi, tsaya cak ba tare da ka kashe wuƙa ba, ba ta 'yan daƙiƙu ta tofar da abun da ke cikinta ƙarar ta dawo, sannan ka matsa. In kaji ƙara siririya mai tsuwa ko ƙaurin roba, bel ne ke zamewa a kan fuli, kashe nan take. Ka riƙa waiwaye akai akai kana duba sawun taya ma, in ka ga sawun ya fara zurfi ruwa na kwanciya a ciki, ka zo iyaka kenan, juya tun kana iya juyawa.

Daga tudu ake farawa a gangaro wajen damshi layi bayan layi, yanda kullum bayanka da gefenka ɗaya akwai busasshen wuri da zaka koma. Kada ka zagaye filin kana matsowa tsakiya, zabi a damina suke ƙwai cikin irin wannan ciyawar, ga zomo ga bushiya ga su macizan, in ka zagaye su duk sai su taru a ɗan tsibirin ƙarshe, gara ka bar musu gefe ɗaya a buɗe su fice. Juyawa kuma a yi ta da faɗi, a kan wurin da aka yanke kuma mai tauri, kwana mai tsini tana sa tayar baya ta goga sandar ja, tana kuma tona ƙasa. Ribas da silasha a baya sai dole, nan da nan take naɗewa gefe. In taraktarka tana da fedar da ke kulle tayoyin baya su juya tare, taka ta kafin ka shiga wuri mai santsi ba bayan taya ta fara wulwulawa ba, ka sake ta kafin ka karya kwana.

Gangara ita ce inda ba na son wasa. Masu ƙerawa sukan sa iyakar digiri 15, wannan a busasshen fili ne ba kaya a baya. Birkin waɗannan taraktocin a tayoyin baya kaɗai yake, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa kana gangarowa da kilo 200 yana turo ka, ka taka birki tayoyin su tsaya amma tafiya ba ta tsaya ba. Bakin rafi, gefen kwalbati, gaɓar kududdufi, bar musu tazarar mita biyu ko uku a ƙarasa da adda ko lauje.

Toshewa kuwa sai ta faru ko ya ka yi. Niƙaƙƙiyar ɗanyar ciyawa takan manne a cikin kasko ta danƙare kamar ƙanzo a gindin tukunya, har wuƙa ta rasa wurin juyawa. Duman kada da sauran masu yaɗo su kuma shaf suke naɗewa. In zaka cire, fito busasshen wuri, kashe injinan biyu, zare makulli, jira sai wuƙar ta tsaya da kanta don takan daɗe tana juyi bayan an kashe, sannan cire hular fulogi. Da katako ake ƙanƙarewa ba da hannu ba, in kuma sai ka ɗaga kaskon to ka tokare shi da gungume, jak kaɗai a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba abun yarda bane. Duk tsayawar da ka yi ka haɗa da share ragar da ke saman injin inda yake shan iska, furen ciyawa da ƙaiƙayi ke liƙe ta, ka duba iyakilina, mai dizal ya share ragar lagireto, sannan ka leƙa ƙarƙashin kujera ka cire taɓon da ya rufe fanka da haƙarƙarin giyar baya. Wanda ya taru a kan salansa ma a kakkaɓe, zafi ke busar da shi ya kama wuta alhali filin a jiƙe yake. Duk bayan rabin awa ka yi wannan, giyar ma ta samu ta huce.

In kuma aka kafe, abu na farko ɗauke ƙafa. Duk juyi ɗaya da taya ta yi a wuri ɗaya ƙara haƙa rami take, har cikin taraktar ya zauna a ƙasa. Kashe wuƙa, sauka, zare fin ka raba su, sau da yawa taraktar ita kaɗai zata fita. Ja silashar baya da hannu ko da igiya, kwashe taɓon bayan tayoyi da shebur, shimfiɗa katako ko rassa, ka fita da ribas ta hanyar da ka shigo tunda ita ka san ƙarfinta. Kada a ɗaure gungume a jikin taya don ta taka, wannan ma yana kifar da tarakta. In wata motar ce zata ja, daga busasshen wuri, igiya mai ƙwari a ɗaure a firem, a ja a hankali ba fizga, kowa ya matsa daga layin igiyar. Mai giyar mai kuma akwai ɗan ƙarfe a bayanta da ake ja don sakin giyar kafin a tura ta ko a ja ta, in ba a ja shi ba ana iya lalata ta.

Yankan farko bazai yi kyau ba, kada ranka ya ɓaci, zakaga tsumma tsumma da wuraren da suka kwanta. Bar shi kwana biyu ko uku rana ta doke shi, wadda taya ta danne ta miƙe, ƙasar ma da iska ta samu shiga ta ƙara tsanewa, sannan ka sauke kaskon zuwa inci 3 ko 4 ka sake bi, wannan karon ta gicciye ko ta kishiyar hanyar da ka bi da farko. Na biyun yana sauri sosai. Tarin da ya yi kauri a ja shi da manjagara a baza ko a kwashe a kai ramin taki, in an bar shi a dunƙule ruɓewa yake ya kashe ta ƙarƙashinsa, ya kuma zama maɓoyar kunama.

Mai son ingirici don rani, gaskiya silasha ba ta yi masa adalci, tana daddatse ciyawar ƙanana ta cakuɗa ta da taɓo, kwasa wahala bushewa wahala. Mai haƙoran almakashin nan ko lauje su suka fi, kuma a jira ƙarshen damina lokacin da ake samun kwanaki a jere ba ruwa, kyasuwa da harƙiya suna fara fure basu tsufa sun zama kara ba. A juya ta a rana har sai ka murɗa damƙi ɗaya ka ji ba damshi tana ƙaras ƙaras, in aka tara ta da sauran ruwa fumfuna take yi ta ɗau zafi a tsakiya.

Da ka tashi aiki kada ka ajiye injin da ɗanyar ciyawa a cikinsa ya kwana, ruwanta ke cin ƙarfen kasko ya huda shi. Ƙanƙare, bari ya huce kafin ka zuba ruwa, kuma kada ka saita bakin tiyo kan boris ko fuli. Bayan wanki ta da shi wuƙar ta juya minti biyu ta watsar da ruwan, buga giris sabo ya turo wanda ruwa ya shiga, taɓa notin wuƙa da sifana ka ji ko sun saki, ka bi tayoyi ka zare ƙayar bagaruwa ko farar ƙaya tun bata gama shiga ba. A ajiye a ƙarƙashin rumfa, in tamfol zaka rufa bari ƙarfen ya bushe tukuna.